Minti Huɗu a Ɗakin Kati

"Ki buɗe min fayil ɗin nan, Zinariya, don girman Allah..."

Ya jingina da tagar ɗakin kati, idanunsa jajir, yana turo min wani shuɗin kati ta ƙarƙashin gilashi. Dogo ne, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure. Katin kuwa na mahaifinsa ne.

"A aljihun rigarsa na tsince shi. Sati uku yana zuwa asibitin nan a ɓoye! Me ke damunsa?"

Ni na sani. Da hannuna na shigar da sakamakon cikin kwamfuta: ciwon daji. Na kuma ga abin da Likita ta rubuta a ƙasa, cewa mara lafiya bai yarda a sanar da iyalinsa ba.

"Masoyi, ba ni da iko..."

"Ba ki da iko, ko ba ki da niyya?"

"Amana ce. Ka tambayi Abba da kanka."

"Na tambaye shi! Dariya ya yi, wai yaushe na zama ɗan sanda." Muryarsa ta karye. "Ubana ne fa, Zinariya..."

Wata tsohuwa a bayansa ta buga sanda a ƙasa. "Ɗan nan, in zance ka zo, ka bar masu ciwon ƙafa su wuce."

Ya ɗauke katin ya tafi, ko waiwaye babu.

Da yamma yayarsa ta kira ni.

"Ke, tun ba ki shigo ba kin fara ɓoye mana namu? To in kin shigo sai me?"

"Yaya, ki yi haƙuri, aikina ne..."

"Aikin ya aure ki!"

Ta kashe waya. Dama can ba ni take so ba. Ƙawarta take wa sha'awar Dogo, wata nas da ke aiki a asibitinmu, mai fara'a kamar gonar auduga, wadda kullum take ce min "amaryarmu".

Ranar Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya wata mai ciki ta yanke jiki ta faɗi a gaban tagata. Dokar ɗakinmu ita ce, ko ruwa za ka tashi sha, ka kulle kwamfuta. Shekara uku ban taɓa mantawa ba. Ran nan jini na gani a ƙasa, na fita da gudu.

Minti huɗu kacal.

Ina dawowa muka yi kiciɓis da Nas ɗin nan, ƙawar yayarsa, a ƙofar ɗakina, waya a hannunta.

"Almakashi na leƙo nema, amaryarmu."

Ban kawo komai a raina ba.

Washegari Likita ta aiko a kira ni. Ina shiga na ga Abba zaune, ya rame, hularsa a kan gwiwa. Ashe hoton sakamakonsa ya zagaye wayoyin dangi kaf, tun asuba ake masa sallama ana kuka.

Likita ta juyo min da kwamfutarta. Sunana ne. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha biyu, an buɗe fayil ɗin da lambar sirrina.

"Wallahi ba ni ba ce! Ina waje wurin mai ciki, Nas ce na gani ta..."

"Na tambaye ta, ta rantse ba ita ba ce," in ji Likita a hankali. "Zuciyata ta yarda da ke. Amma na'ura sunanki ta sani, kuma ke kika bar ta a buɗe. Ki ajiye makulli."

Na durƙusa gaban Abba.

"Abba, ka ji tausayina..."

"'Yata, kin san me ya sa na ɓoye?" Bai ɗaga murya ba. "So nake a yi bikinku ana dariya. Yanzu gidana ya zama gidan makoki ina raye. Wadda ta kasa riƙe takarda ɗaya ba za ta riƙe min gida ba."

A bakin ƙofar asibiti na tarar da Dogo cikin mota, ya kifa kai a sitiyari. Na buɗe na shiga.

"Kai wa ya turo maka hoton?"

Ya kau da kai.

"Masoyi, dube ni. Wa?"

"Yaya..."

"Ita kuma wa ya ba ta?"

"Ƙawarta. Na ga saƙon da idona."

Na kama hannun rigarsa.

"To taso! Abba na ciki, Likita na ciki. Magana ɗaya ce daga bakinka, ka wanke ni!"

Bai motsa ba.

"In ya ji 'yarsa ta fari ce ta tona shi, wallahi ba zai kai wata ba. Shi kaɗai gare ni, Zinariya. Ki ba ni lokaci..."

"Har yaushe?"

Ya mai da idonsa kan sitiyari. Ni ma na san amsar, na kuma tsani kaina da na san ta. Sai ranar da aka binne Abba za a wanke ni, ran da wankin ba zai amfane ni da komai ba.

"Ina son ki," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

"Na sani."

Na saki rigar. Na daɗe ina kallon fuskar nan da na yi shekara biyu ina tsara rayuwata a kanta.

"Ashe kai ma ka iya riƙe sirri."

Na fita. Ya kira ni sau biyu. Na uku bai zo ba, don Abba ya fito yana dafa bango, dole ya je ya tare shi.