Kujerar da Gyamfi Ya Bari a Tsaye

Da magariba Serwaa ta ɗauki dakakkiyar doya da manja da ƙwai uku, ta nufi dajin bayan gari, inda suka ɓoye baƙar kujerar yayanta Boakye a wata bukka, kujerar da aka shafe da kunkunniya da ƙwai da jinin yanka. Tun da Turawa suka rataye shi a Kumasi, kurwarsa a kujerar nan take zaune. Mutum biyu kaɗai suka san wurin, ita da ɗanta Gyamfi, magajin kawun nasa, wanda yanzu yake yi wa Turawa tafinta.

Ta tarar da bukkar a buɗe, babu kujera. A cikin laka ga sawun manyan takalma. A gabansu ga sawun wani mai jan ƙafar hagu. Ita ta haifi mai wannan ƙafa. Da ɗan gari akan ci gari, amma ba ta taɓa zaton nata ɗan ne ba.

Ta juyo gida, zuciyarta na ƙuna. Kwaɗi suka yi tsit. Wani abu na biye da ita, yana warin kunkunniya da ƙwai da tsohon jini.

A tsakar gida ta ga kujerar Gyamfi a tsaye. Kowa a ƙasar Asante ya san in ka tashi sai ka kwantar da kujerarka, kada wanda ba a gani ya zauna. Shi kuwa gogan, tun da ya sa wando ya daina.

Kujerar ta yi ƙara, kamar an ɗora mata nauyi.

"Serwaa." Muryar a shaƙe take. "An raba ni da mazaunina. Wa ya nuna musu hanya?"

In ta faɗa, ta rasa ɗa.

"Yaya, ban sani ba."

"Har da ke?"

Sai ga Gyamfi ya shigo yana fito, da sabuwar hula a ka.

"Mama, me kike yi a duhu kamar mai zaman makoki?"

Ya juya zai zauna.

Ta fizgo shi, suka zube ƙasa tare. Rigarsa ta yage. Ga shatin baƙaƙen yatsu biyar a gadon bayansa.

Ya rayu, ba a ce bai rayu ba. Amma daga ranar, duk kujerar da ya nufa, ko a ofishin Bature ne, sai ya tarar da kawunsa a kai. A tsaye ya riƙa cin abinci har ya yi furfura. Serwaa kan ajiye masa sakwara kullum, amma har ta mutu ba ta sake kiran sunansa ba.