Alkyabbar Malam a Kan Fosta

Insfekta Mukhtari bai gama cire hular Juma'a ba, Maharazu mai shagon buga fosta ya faɗo ofis, gumi har cikin kunne.

"Yallaɓai, an kwashe! Fosta ɗari uku na sabon album ɗin Abdulbaƙi. Ga shi jibi Lahadi kasuwa na ci, rannan za a sake shi."

Insfekta ba mutumin da kujera ke riƙewa ba ne. Cikin minti goma yana shagon. Kwaɗo lafiya lau, kwamfuta na nan, inji na nan.

"Ina kake aje makulli?"

"Aljihuna, kullum."

Insfekta ya miƙa hannu saman ƙofa, ya zaro makullin. Maharazu ya sosa ƙeya.

"Sai dai in za ni masallacin Juma'a."

Wato duk Illela ta sani.

Insfekta ya ce a nuna masa fostar a kwamfuta. Ga mawaƙin cikin koriyar alkyabba, Bisimilla da ruwan zinare a samansa. Dama wani dattijo da rawani, hagu wata yarinya kai ba ɗankwali tana rawa.

"Wane na tsohon ga?"

"Marigayi Malam Lawwali, uban Abdulbaƙi. Alkyabbar ma tasa ce. Dattawa su ga Malam su tsaya, samari su ga yarinya su tsaya. Haka talla take, yallaɓai."

Sai ga Abdulbaƙi a kan babur, ido jawur. "Halliru na! Tun da niƙ ƙwace mishi bukukuwan garin Araba yake jin haushina."

Aka kawo Halliru, shi ma mawaƙi. Ya rantse tun safe yana garin Ƙonni.

"Ƙarya kake," in ji Insfekta. "Sahu ɗaya muka yi salla, har ka taka mini ƙafa. Tashi ka tafi."

Tsoro ya sa shi ƙarya, masallaci ya wanke shi.

Insfekta ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya bi bakin kasuwa da tasha, inda aka manna guda ashirin tun jiya. Duk an cire. Abin da ya dame shi, bangon da sauran damshi, kuma ko ɓarɓashin takarda babu a ƙasa. Mai hassada yagewa yake ya tattake. Wannan jiƙawa ya yi da ruwa, ya ɓare a hankali, a daidai lokacin da maza ke masallaci. Wato mai girmama abin da ke kan takardar ne.

Ya juyo ga Abdulbaƙi. "Wa ya rage a gidan Malam?"

"Yayata Atika. Ita ka koyar da matan aure."

Sun same ta a ɗakin karatun marigayin. Ta ce yau ko zaure ba ta leƙa ba. Insfekta bai musa ba. Idonsa na can saman kantar littattafai, kan wani ƙunshi da aka naɗe da farin ƙyalle. Ya yafito ɗan sandan da ya rako shi.

"Kofur, sauko da wancan. Jefa shi nan ƙasa."

"Kar ka aje shi ƙasa!" Atika ta miƙe zumbur. "Da sunan Allah ciki!"

 Ta koma ta zauna.

"Ni niɗ ɗauka. Jiya nig ga guda ta hwaɗi cikin kwata bayan tasha, huskar Baba cikin ruwan ƙazanta, Bisimilla tare da shi. Shekara arba'in yana karantarwa garin ga. Shi za a jera da mai rawa don a sai waƙa?"

Insfekta ya ji abin har zuciyarsa, amma shiga shagon mutum laifi ne, kuma an riga an rubuta ƙara.

"Malama, sai mun je ofis."

Abdulbaƙi ya tare ƙofa. "Yallaɓai, na yahe! Yaya, mi ya hana ki hwaɗa min?"

Ta gyara hijabinta, ta dube shi.

"Na hwaɗa maka sau ukku. Ka ce ban san talla ba."

Ta raɓa shi ta wuce, ta shiga motar 'yan sanda da ƙafarta.