Gam ɗin Makuba

Mamatsa, ƙatuwar na'urar matse allo ta masana'antar, ta sauko a hankali, ta danne dussar katako da zafinta, bayan daƙiƙa arba'in ta ɗaga. Allo ya fito sumul, hannun ƙarfe ya ɗauke shi ya jera. Dubu tara take fitarwa kullum, kuma da su ake gina benayen Birnin Tsauni a shekarar 2094. Dakta Saude, mai kula da sashen sinadarai, tana tsaye a gefe ba takunkumi a fuskarta.

Da can da gam ɗin famaldihaid ake haɗa allunan, wanda tururinsa ke cin huhu sannu a hankali. Shi ya kashe mahaifinta a bakin wannan injin. Ƙanenta Isiyaku ya gaji gurbinsa, har ya fara irin tarin. Saude ta rantse sai ta raba shi da gubar nan.

A ƙauyensu ta samo mafita. Gwaggonta Yalwa takan jiƙa kwasfar ɗorawa ta yi makuba, jan ruwan nan da ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi. Shekara shida Saude tana gwaji kafin ta mayar da shi gam mai kama katako. Aka rufe tankunan gubar, tarin Isiyaku ya lafa, ita kuwa sai lambobin yabo.

Kuskuren ƙarami ne, irin na masu ilimi. Ta kafa Ma'auniya a kasuwannin ƙauye, na'urar da ke auna ƙarfin sinadarin cikin kayan da aka zuba mata ta yanke farashi, amma ba ta koya mata bambanta kwasfa da wani abu ba. Mutanenmu kuwa ba a bar su a baya ba wajen gwaji. Wani ya zuba ɓawon itacen, ya ga farashinsa ya ninka na kwasfa sau uku. A da ba mai taɓa ɗorawa sai ta nuna Sarkin Noma ya ba da izini. Yanzu wa zai jira shi? Kowa ya ɗauki gatari. Itacen da aka kewaye da sassaƙa kuwa ba ya sake toho.

Ko da labari ya iso wa Saude, damina biyu ta wuce. Ta tarar da Gwaggo Yalwa zaune a gindin busasshiyar ɗorawar gidansu.

"Gwaggo, me ya sa ba a gaya mini ba?"

"A gaya wa wa, Saude? Ƙarfen da kika ajiye mana ba ya jin magana. Ni kwasfa na nuna miki, abin da muke zubarwa. Yau ko daddawar miya babu a garin nan."

Hawaye suka zubo wa Saude. Ta gyara Ma'auniya a satin, amma babu sauran abin awo. Ɗorawa takan yi shekara goma kafin ta yi 'ya'ya.

Da makuba ta ƙare, manajan masana'antar ya kira ta. "Dakta, birni ba zai jira itace ya girma ba. Na sa a buɗe tsofaffin tankunan. Ke kaɗai kika san saitin Mamatsa. Matattun itatuwan kuma mun saye su, za su yi dussa mai kyau."

Da safe motoci suka fara sauke gumaguman ɗorawa. Saude ta tare Isiyaku a ƙofar shiga.

"Don Allah ka bar aikin nan."

"In koma ina, Yaya? Gona? Inuwa ma babu a can." Ya ɗaura takunkumin da su biyun suka san ba ya tare komai. "Je ki saita ta da kyau. In kika ƙi, wanda bai iya ba ne zai yi, tururin ya fi haka yawa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mata rai. Ta hau ɗakin sarrafawa, ta shigar da lambobin da hannunta. Shekara shida ta yi tana neman ceton mutum ɗaya, ga shi can ƙasa tsaye a bakin injin, yana jiran ta danna maɓalli.