Ƙararrawar Jirgi da Kunnen Oddvar

"Ke kaɗai ke riƙe da makullin kwalekwalen, Gunvor! Wa zai ɗauka in ba ke ba?"

"Rufe min baki, tsoho mai majina!"

Haka Sufeto Aslaug Brekke ta tarar da Oddvar da Gunvor a ɗakin ƙungiyarsu ta masu nutso ta garinmu. Ƙararrawar tagulla ta tsohon jirgin da ya nutse a bakin gaɓarmu, wadda hukumar Norway ta hana taɓawa, ita aka sace ranar Laraba. In laifin ya hau kan Gunvor, shugabar ƙungiya, za a ƙwace takardarta ta koyar da nutso, wahalar shekara ashirin ta tafi a banza. Makullin kuwa, har ni na san ƙarƙashin tukunyar fure yake kwana.

"Kai ina kake ranar Laraba, Oddvar?"

"A gado, Sufeto. Mura! Kowa ya san mai mura ba ya nutso." Ya fyace hanci don a shaida.

Sufeto ta leƙa kwalekwalen. Ƙarƙashin benci ta tsinci 'yar kwalbar maganin fesawa a hanci.

"Wannan fa?"

"Na hana shi a ƙungiyata," in ji Gunvor. "Yana buɗe hanci da kunne ka nutsa lafiya lau. Kana can ƙasa ƙarfinsa ya ƙare, kunne ya toshe. Kana tasowa iskar ciki ta kumbura, ba hanyar fita. Sai dodon kunne ya fashe."

Daga nan Sufeto ta wuce gidan Oddvar. Matarsa Borghild, wadda ba a tambayarta sau biyu, ta zuba kofi.

"Yana gado, wai. Ni dai na je wurin ƙanwata. Amma tun Laraba in na yi magana sai ya juyo min da kunnen hagu kamar kaza. Da ma can ba ji yake ba, yanzu abin ya ƙaru!"

A bayan gida hular robarsa ta nutso na shanye, da busasshen jini ta ciki, ɓangaren dama.

Washegari da hantsi Sufeto ta tara kowa. Ta tsaya daidai kafaɗar Oddvar ta dama, ta ce a hankali, "An ga ƙararrawar a rumbunka."

Kowa ya zabura. Oddvar kuwa yana ta murmushi, yana tauna biredin kirfa.

Ta zagaya hagu ta maimaita. Biredin ya faɗi.

"Ƙarya ne! Ba a rumbu take ba, tana..." Ya dafe kunne.

"Tana ina, malam mai mura?"

"Ƙarƙashin tarun kifi," ya ce da ƙyar. "Minti ashirin na shirya yi a ƙarƙashin ruwa. Ƙusar da ke riƙe da ƙararrawar ta ƙi kwancewa, maganin ya sake ni a mita talatin. Shugabancin ƙungiya nake so, shi ya sa na ce Gunvor ce."

Gunvor ta daka tsalle, mace mai jikoki uku, ta rungume Sufeto har hularta ta faɗi.

Ana sa masa ankwa ya waiwayo. "Borghild, masoyiyata, kawo min maganin ciwon kunne."

"Fesa na hancin!" in ji ta. Ta suri jakarta ta fice, ta bugo ƙofa har tagogi suka girgiza.

Shi dai rabin ƙarar ya ji.