A-kori-kurar Alhaji Sanni

Mutaru yana kwance a ƙarƙashin a-kori-kurar Alhaji Sanni, a ƙofar gidansa da ke Zangon Kumasi, ya ji takun mutum kusa da shi. Ya zaci Idirisu ne, ɗan ƙanin Alhaji mai tuƙa motar.

"Miƙo min sifana," ya ce, ya miƙo hannu.

Sai ya ji an ɗora masa kofin ruwan sanyi a tafin hannu. Ya turo kai waje, ya ga budurwa tsaye tana danne dariya da gefen mayafi.

"Ni ban san sifana ba," ta ce. "Baba ne ya ce a kawo wa makaniki ruwa."

Azaratu ke nan, autar Alhaji. Mutaru ya shanye ruwan, ya koma ƙarƙashin mota, ya rasa ƙusar da yake kwancewa.

Alhaji Sanni fataucin goro yake yi, hanyoyin ƙauyukan da yake saye kuwa duk ramuka ne da taɓo, kullum cikin motar na dukan ƙasa. Shi ya sa ya ɗauko Mutaru daga Magajin, unguwar makanikai, ya ɗaga masa ita. Mutaru ya ƙara ganyen sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, gaba da baya, ya sa dogayen ƙusoshi, ya canza tayoyi. Aikin kwana biyar ne, ya ja shi har sati uku.

A cikin satukan nan takardu suka fara yawo a ƙarƙashin farantin abinci. Ta farko cewa ta yi: "Azara, tun ranar da kika ba ni ruwa nake ɗaure ƙusa a inda ba wurinta ba. Me kika zuba a ciki?"

Ta mayar masa: "Ruwan randa ne kawai, Mai Baƙin Hannu. Ka kula da motar Baba."

Da kawun Mutaru, Dramani, ya je nema masa auren Azaratu, Alhaji bai ɓoye ba. "Yaron kirki ne, amma mu 'yan kasuwa ne tun kakanni. Ban san gidansu ba, ban san garinsu ba. Ga Idirisu kuma a gida yana so."

Motar ta tashi sama har sai an taka ƙarfe kafin a shiga. Sai dai ɗagawar ta karkatar da sandar da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, dole a ƙera mata dogon hannu a wurin maƙeri. Ran nan Alhaji ba ya gida, Mutaru ya rubuta masa saƙo, ya ba Azaratu ta ajiye masa.

Ta kasa haƙuri, ta buɗe. "Alhaji, na duba ta da kyau. Tana da kyau a ido, amma ba ta juyuwa yadda ake so. Duk wanda ya ɗauke ta a haka zai yi nadama. A bar ta a gida tukuna."

Ta karanta sau uku. Wato don an hana shi ita, shi ne zai ɓata ta a wurin mahaifinta? Jiya-jiya ya kira ta hasken idonsa. Ta cusa takardar cikin akwatinta, ta sha kuka, ta daina fitowa.

Kwana biyu bayan haka Idirisu ya ɗauki motar zuwa unguwar Atonsu. A kwanar farko sitiyari ya ƙi bin hannunsa, motar ta gangara cikin kwalbati. Allah ya tsare, goshinsa kawai ya fashe.

"Da gangan ya yi, Baba, don ya kashe ni!" in ji Idirisu.

Mutaru ya zo da sabon ƙarfen a hannu, Alhaji ya tare shi a ƙofa. "Kada ka sake tako nan."

"Alhaji, ai na rubuto muku..."

"Ka rubuto wa wa? Tafi!"

Mutaru ya dubi tagar Azaratu, ta saki labule. Ya koma Magajin bai gane komai ba.

Ana cikin haka, a watan Nuwamba, rediyo ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Zango ya rikice. Idirisu bai kwana uku ba ya hau babbar mota zuwa Legas. Alhaji kuwa ya zauna a zaure yana tambayar duk wanda ya shigo, "A nan aka haife ni. Ubana ne ya zo daga Katsina, ni ban taɓa ganin ta ba. To ni baƙo ne ko ɗan gari?" Ga mota a lalace, ga iyali.

Azaratu tana haɗa kaya ta ci karo da takardar. Ta sake karantawa, wannan karon da motar a ranta. Ta dafe kai, ta nufi zaure ta durƙusa.

"Baba, laifina ne. Na zaci da ni yake."

Alhaji ya karanta, ya dube ta, ya sake karantawa, sai dariya ta ƙwace masa, ta farko a sati guda. "Ke ce ba kya juyuwa? To, wannan ma ba ƙarya ba ne. A kira min yaron nan."

Mutaru ya ɗaura sabon hannun sitiyarin, ya daidaita tayoyin gaba, ya zagaya unguwa da ita, ta bi hannunsa lafiya lau.

"Ta gyaru, Alhaji. Ina za ku?"

"Wallahi ban sani ba, ɗana."

"To ku zo garinmu, bayan Atebubu. Hanyar daji ce, babbar mota ba ta shiga, amma wannan za ta shiga. Ku zauna har a ga yadda hali zai yi."

Haka suka bi ta cikin duwatsu da rafuka, cikin motar bai taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba. Da suka tsaya sallar la'asar, Azaratu ta matso kusa da shi, kanta a ƙasa.

"Ka yafe min, Mutaru. Na yi wauta."

"Na kusa haukacewa, Azara. Daga yau in kin ji na ce 'ita', ki tambaye ni wace ce."

Wata huɗu suka yi a gidan mahaifin Mutaru, ana ba su doya da ɗaki mafi kyau, babu wanda ya tambaye su takarda. Da abubuwa suka lafa, Dramani ya aiko cewa batun zaman Alhaji ya daidaita. Kafin su tashi, Alhaji ya kama hannun mahaifin Mutaru a gaban jama'a.

"Na ce ban san gidanku ba. Yanzu na kwana a cikinsa. Na ba ɗanku Azaratu."

An ɗaura aure a Zango a watan Mayun 1970. Rabin gidajen layin a rufe suke, masu su sun tafi, amma waɗanda suka rage duk sun fito. Liman ya yi addu'a ga ango da amarya, ya haɗa da waɗanda ke kan hanya da waɗanda suka sauka a garuruwan da ba su sani ba. Alhaji ya share ido da hannun riga, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya zaunar da ku wuri ɗaya." Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi.