Yare Na Huɗu

Yana durƙushe a ƙarƙashin tebur yana neman wayar lantarkin da ta cire lokacin da ya ji sallamarta. Ya zabura zai miƙe, kansa ya bugi katako, ƙum!

"Sannu," ta ce, tana danne dariya. "Nan ne ɗakin ɗaukar murya?"

Dogo ya fito yana shafa kai. Wata budurwa ce tsaye, rungume da kwali cike da tsofaffin littattafan rubutu, a bayanta kuma wani dattijo mai tabarau yana ƙare wa soson da aka manna a bango kallo.

Kamfanin da Dogo yake wa aiki ƙarami ne, yana koyar da yare ta manhajar waya. Yare uku suke da shi, a bana kuma suka yanke shawarar ƙara na huɗu. Yaren wannan dattijon aka zaɓa. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekara talatin yana rubuta kalmomin yarensu a waɗannan littattafai saboda yana ganin masu jinsa suna ƙarewa. Muryarsa ta dishe, don haka 'yar autarsa ce za ta riƙa karanta darussan. Auta kowa yake kiranta.

Da safe tana koyar da 'yan aji biyu, da yamma ta zo ta zauna gaban makirufo. Dogo yana ɗaya gefen gilashi, na'ura a kunne.

"Sake faɗin wannan."

Ta sake.

"Ƙara sau ɗaya."

A sati na biyu ta cire abin kunnenta ta dube shi.

"Malam Dogo, tsakaninka da Allah, me ya samu na farkon?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. "Babu abin da ya same shi."

"To me ya sa nake ta maimaitawa?"

"Daɗin ji yake mini."

Ta mayar da abin kunnenta, amma ranar sau uku tana tuntuɓe a kalmar da ta sani tun tana goye.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau na haddace kalma goma. Ruwa, gida, hanya, uwa. Sauran shida sun gudu."

"Ɗalibina, haka 'yan ajina suke cewa. Gobe ka zo da iyayenka."

"Wallahi abin da nake so ke nan. Yaushe za su zo?"

Ta daɗe tana kallon saƙon tana murmushi, sannan ta rubuta: "Bari in fara jin ta bakin Baba."

Baba ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

"Yaron yana da ladabi, ban ce ba shi da shi ba. Amma yayyenki huɗu duk sun yi aure a waje, jikokina goma sha ɗaya, babu wanda zai iya ce mini ina kwana da yaren da uwata ta yi mini magana. Ke kaɗai kika rage mini. Ba zan yi miki dole ba, Auta, amma da bakina ba zan ce na yarda ba. Ga Dakta nan, ya yi mini magana tun bara."

Dakta tsohon ɗalibin Baba ne, ɗan yarensu, yana koyarwa a jami'a. Shi kamfanin ya ɗauka yana duba darussa yana sa hannu kafin a ɗora su. Mutumin kirki ne, sai dai in ya zo wajenta, rabin hirar a kan takardun da ya rubuta take ƙarewa.

Auta ta kira Dogo ta faɗa masa komai. Ya ce ta ba shi lokaci.

Washegari da hantsi, tana cikin aji, saƙonsa ya shigo. Karo na farko ke nan da ya rubuta mata cikakkiyar jimla da yarensu, kuma babu kuskuren harafi ko ɗaya. Abin da jimlar take nufi shi ne: "Na gaji da ke."

Ta karanta sau uku. Ta ba yara aikin rubutu, ta fita bayan aji ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Kwana biyar ba ta je kamfanin ba, ba ta ɗaga kiransa ba. Saƙonninsa suka taru ba ta buɗe ba.

"Malamata, lafiya?"

"Ko na yi laifi ne? Ki faɗa mini in gyara."

"Kujerarki tana nan yadda kika bar ta. Na hana kowa zama."

A rana ta shida shugabar kamfanin ta kira Dogo ofis. Darasi ashirin suka rage ba a ɗauka ba. In wata ya ƙare ba a kammala ba, za a ba wani yaren gurbin, wannan kuma sai wata shekarar, in ma an waiwaye shi. Dogo ya koma ɗakinsa ya zauna yana kallon makirufon da babu kowa a gabansa.

A gida kuwa, Mama ta gaji da ganin 'yarta tana juya cokali a kwano ba ta ci. Ta matsa mata har ta nuna mata saƙon. Mama ta ce, "Ikon Allah."

Ran Asabar Dakta ya zo da manhajar gwaji a wayarsa don Baba ya gani. Baba yana ta latsawa yana gyaɗa kai, har ya zo darasi na talatin da ɗaya, wanda ba a kai ga ɗaukar muryarsa ba, rubutu ne kawai. Sai ya ɗaga murya.

"Kai! Wane ne ya yi wannan ɓarnar? An rubuta 'na yi kewarki', an sa masa fassarar da ke nufin 'na gaji da ke' a yarenmu! Kai ba ka duba ba ka sa hannu?"

Dakta ya karɓi wayar, ya duba, ya share gumi. "Gaskiya, Malam, wannan satin jarrabawa ta sha mini kai. Ban karanta shi ba."

Mama ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da littafi mai koren bango, ta buɗe ta miƙa wa mijinta.

"Malam, duba nan. Rubutun wa ye wannan?"

Layi biyu ne suka hau kan juna, da hannun Baba, tun shekarun baya. Mai buga darasin abin da ya gani ya kwafa.

Auta tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye shi da sauri don kada ya faɗi, dariya da hawaye suka zo mata tare. Mama ta ba su labarin saƙon daga farko.

Baba ya daɗe yana kallon littafin.

"Darasi na talatin da ɗaya," ya ce a hankali. "Shi kaɗai ya kai nan? Ba wanda ya sa shi?"

"Ba wanda ya sa shi, Baba."

Dakta ya dubi fuskar Auta, ya ga abin da bai taɓa gani ba a duk zuwan da yake yi. Ya miƙe ya ce, "Malam, ni dai na janye. Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Sauran darussan kuwa ya zauna ya bi su layi-layi a ranar.

Auta ta ɗauki waya ta rubuta wa Dogo.

"Ɗalibina, ka yafe mini. Na ga abin da ka so faɗa. Ni ma haka, fiye da naka. Baba yana son ganinka gobe."

"Malamata, na karanta sau bakwai. Me zan sa? Me zan ce? Tsaya, me na faɗa ne da farko?"

Washegari Dogo ya zo da farar riga, ya durƙusa ya gaida Baba da yaren. Baba ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Ka gaishe ni ko ka tambaye ni kuɗin akuya? Ja ƙarshen kalmar. Sake."

Sau biyar yana sakewa. A na shida Baba ya ce, "To, da dama-dama. Kowace Asabar ka zo nan ka zauna. Waya ba ta ja wa mutum kunne." Ya gyara tabarau. "Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Cikin kwana tara suka ɗauki darasi ashirin, Baba yana zaune a kusurwa da littattafansa yana tsayar da su in an karkace. Yare na huɗu ya hau manhaja saura kwana biyu wata ya ƙare. A satin farko wata mata ta rubuto daga wata ƙasa mai nisa cewa ta kira kakarta ta gaishe ta da yaren, tsohuwar ta ƙi ajiye wayar. Auta ta karanta wa Baba. Ya juya fuska bango ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da aka kawo su gaban iyaye, Baba ya riƙe hannayensu biyu ya yi ta addu'a da dishashshiyar muryarsa, da yaren uwarsa. Mahaifiyar Dogo ta taɓo ɗanta.

"Me yake cewa?"

Dogo ya sunkuya kusa da kunnenta. "Ya ce Allah Ya cika gidanmu da surutun yara, Ya sa mu tsufa muna fahimtar juna. Sauran ban kama ba, Umma, ya yi sauri."

"Amin," ta ce, tana share ido. "Har da wanda ba ka kama ba."

Auta ta matse hannun mijinta a hankali. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkaci abin da za su haifa.