Tafin Hannun da Ba Shi da Suna

Akwai wadda ta yaga aikin ɗan mutane ta watsa a kwandon shara, ta wanke hannunta ta tafi gida kamar ba ta yi komai ba. Ba zan nuna ta da yatsa ba tukuna, ku dai biyo ni.

Malama ajin ƙanana take koyarwa, irin yaran da ko majinarsu sai an share musu. Ranar fenti takan shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan teburori, ta zuba ja da shuɗi da rawaya a murafan robobi. Yaro ya tsoma tafinsa ya manna a farar takarda, ita ta rubuta sunansa a ƙasa, ta maƙale a igiya ya bushe. In an tashi, kowa ya kai wa uwarsa nasa.

Wata magariba tana durƙushe a bakin famfon gidanta tana wanke murafan nan, gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya waiga ba dalili. Sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano, ta gangara a hankali. Wata tsakuwar ta biyo ta. Da ta shiga ɗaki, ga tafin hannu shuɗi a bango, daidai gwiwarta, ɗanye yana naso.

Ta fara damƙo Auta, 'yarta mai shekara bakwai, ta juya hannuwanta ta ga fes suke. Daga nan zargi ya buɗe. 'Ya'yan maƙwabta ne. A'a, ƙanwar mijinta ce da ke zaune tare da su. Kai, mai sharar makaranta ce, wadda suka yi cacar baki, ta kai ta wajen boka.

"Ke kaɗai ce mai fenti a gidan nan," in ji maigida.

"Au, ni ce ma? To madalla."

Kowace magariba tsakuwa, kowace safiya sabon tafi a bango. Har aka wayi gari hannun Auta na dama ya dunƙule, ya ƙi buɗuwa. A asibiti aka duba aka ce ba a ga komai ba. Shuɗin fenti kuwa yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta, a goge ya dawo.

Maigida ya ɗauko wani malami, dattijo marar yawan magana. Rana na shirin faɗuwa ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. An daɗe. Can Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, a dishe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

Malama ta yi caraf ta ce, "Ta faɗi wanda ya turo ta. Yau sai na ji suna."

Idanun yarinyar suka juyo kanta a hankali. "Ba wanda ya turo ni, Malama. Ɗana a ajinki yake. Ƙarshen tebur, jikin taga, inda ba kya zaunar da kowa. Yana son shuɗi."

Nan take abin ya faɗo wa Malama. Ta tuna takardun. Duk ranar fenti sai ta tsinci guda ba suna, tafin ƙarami, yatsun sun cika tsawo. Ta ɗaga ta ce na wane ne, yara su zuba mata ido. Ta yi tsaki, ta ce mai shara ce ke mata ɓarnar takarda, ta yage.

"Kowace uwa an kai mata nata," in ji muryar. "Nawa ya dawo hannu rabbana yana kuka. Aikin hannu kika yaga, hannu na riƙe."

Malam ya ce, "Yarinyar nan me ta yaga? Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Sake ta."

"A yanka mini wani abu."

"Ko ƙwai ba za a fasa miki ba."

Muryar ta sassauta. "To a bar masa nasa."

"Wannan haƙƙinsa ne. Malama, kin ji?"

Malamar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, da kyar ta ce, "Na ji. A ba shi haƙuri."

Malam ya ci gaba da karatu. Auta ta yi atishawa ta sulale a cinyar uwarta, yatsun suka warware ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar tafin akwai guntun takarda yagagge, da rabin babban yatsa shuɗi a jiki.

Washegari Malama ta gaida mai shara da fara'a, har matar ta tsargu. Yanzu in an tashi ranar fenti, takarda guda takan rage a igiya. Malama ba ta taɓa ta, ba ta tambaya, ta ja ƙofa ta kulle. Da safe igiya wayam.

Kun ga mai laifin da ta gama zargin duniya. Wanda ya ce ƙarya na shirga, ba sai mun yi musu ba. Ya je ajin ƙanana ranar fenti, ya jira takardar da ba mai ita, ya yage ta da hannunsa in ya isa.